Kafin ɗan'uwa ya taso daga Nijeriya neman aiki: Nauyin da ke kanmu mu mazauna zango

Da wuya a sami gida a zangunanmu, tun daga Nima da Mamobi da Sabon Zango a Ankara har zuwa Aboabo da Asawase a Kumasi, wanda ba a bugo masa waya daga Nijeriya ba a 'yan shekarun nan. Bayan gaisuwa da tambayar iyali, maganar ɗaya ce: "Kawu, ina so in zo Gana in nemi aiki," ko kuwa "Yaya, ga yaron nan ya gama makaranta yana zaune, ko za a samar masa wani abin yi a wajenku?" Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sannan aka saki naira ta nemi wa kanta daraja a watan Yunin wannan shekarar, irin wannan waya ta ƙaru ainun, kuma mafi yawan masu bugowa matasa ne da ba su taɓa ƙetare iyakar ƙasarsu ba.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce, "Ka zo mana, Allah Zai rufa asiri." Amsa ce mai daɗin ji, wadda ke fitar da mai faɗinta daga kunyar dangi. Amma a ganinmu ba ta wadatar a yau, domin shirin wannan tafiya daga bakin wanda aka tambaya yake farawa, tun kafin a je ofishin fasfo ko tashar mota. Idan ɗan gari ya rufe wa baƙo gaskiya, to duk abin da baƙon zai shirya bayan nan a kan rairayi ya gina shi.

Idan mai karatu bai manta ba, karɓar baƙi ita ce sana'ar da aka kafa zango a kanta. Fataken goro da suka riƙa zuwa Salaga daga Kano da Katsina da Sakkwato ba a kan titi suke sauka ba. Kowane ayari yana da maigidan da yake sauka a wurinsa, shi ne zai ba su ɗaki, ya adana musu kaya, ya haɗa su da dillali, ya yi musu tafinta, ya kuma tsaya musu a gaban sarki idan rigima ta taso. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, da mutane suka watsu zuwa Karaki da Yeji da Kintampo da Kumasi da Ankara, da wannan tsari suka tafi. Abin lura a nan shi ne maigida na wancan zamani bai taɓa ɗaukar aikinsa a matsayin ba da tabarma da tuwo kawai ba. Yakan gaya wa baƙonsa abin da kasuwa ke ciki, da wanda ba a ba shi bashi, da dokar garin da ba a takawa, saboda ya san idan baƙo ya yi ɓarna sunan maigida za a kira. Wannan rabin na aikin ne ya yi rauni a wurin wasunmu. Ana sauke baƙo, amma ba a gaya masa inda ramin yake.

To mene ne gaskiyar da ya kamata a gaya wa mai shirin zuwa? Ta farko ita ce maganar ECOWAS, wadda matasa da yawa suka fahimta a baibai. Gaskiya ne yarjejeniyar zirga-zirga da aka sa wa hannu a 1979 ta ba ɗan Nijeriya damar shigowa Gana ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Amma wannan izinin ziyara ne. Wanda zai zarce haka dole ya nemi takardar zama a hukumar shige da fice, wanda kuma zai kama aikin albashi yana buƙatar izinin aiki, kamar yadda dokar shige da fice ta shekarar 2000 ta tanada. Galibi wanda ya ɗauki mutum aiki shi ne ke nema masa wannan izini. Saboda haka duk kamfanin da ya kira yaro daga Kaduna ko Jos ya ce ya zo ya fara aiki gobe, amma da aka tambaye shi zancen izinin aiki ya ce "wannan ba matsala ba ce, ai duk ECOWAS ne," to ya riga ya nuna irin kamfanin da yake. Waɗanda bankunan Nijeriya masu rassa a nan ko manyan kamfanoni ke turowa ba su cika shiga wannan matsala ba, don ofishinsu ne ke ɗaukar ɗawainiyar takardun. Wanda ke cikin haɗari shi ne wanda ya zo da ƙafarsa a kan alkawarin baki.

Haka nan mai takardar sana'a ya sani cewa takardarsa ba ta aiki da kanta. Nas ko ungozoma sai ta yi rajista da majalisar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Gana, likita sai ya bi ta majalisar likitoci, malamin makaranta kuma akwai lasisin koyarwa da ake nema. Duk waɗannan suna cin lokaci da kuɗi, kuma akwai takardun da sai daga makarantar da mutum ya gama za a aiko su. Gara a fara bin su tun ana gida, a zo da na asali da kwafinsu, a kuma bar kwafi ɗaya a hannun iyaye.

Fasfo kuwa ba abin da za a tsaya jayayya a kansa ba ne. Tun daga 1 ga Satumban 2025 hukumar shige da ficen Nijeriya ta mayar da kuɗin fasfo mai shafi 32 na shekara biyar naira 100,000 ga mai nema a cikin gida, kuma ba a yin sa sai da lambar katin ɗan ƙasa. Kuɗi ne mai yawa ga wanda ba ya aiki, shi ya sa wasu ke cewa a bar shi, ai direba ya san hanya, a kowace iyaka za a ɗan miƙa wani abu a wuce. Ana wucewa ɗin kam. Daga Legas zuwa Ankara tafiyar ba ta kai kilomita 500 ba, amma iyaka uku ce: ta Seme a shiga Binin, ta Hilakonji a shiga Togo, sannan ta Aflawo a shigo Gana. Wanda ya bi ta bayan shinge a kan babur ya iso lafiya, ya kuma iso ba tare da hatimin shigowa a takardarsa ba. Ranar da zai nemi takardar zama, tambayar farko ita ce yaushe ya shigo kuma ta ina, shi kuwa ba shi da amsa. Kuɗin da ya guje wa biya a ofis ya riga ya raba wa 'yan kan hanya, ga shi kuma ya zama mai laifi tun ranar farko. Katin allurar shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa, shi ma a yi na gaskiya a asibitin da aka amince da shi, a yi allurar da kwana goma kafin tafiya. Wanda ake saye a tasha ba ya hana cutar kama mutum.

Gaskiya ta biyu ta fi ɗaci, ita ce ta sana'o'in da doka ta keɓe wa 'yan ƙasa. Yawancin yaranmu da ke tasowa daga Arewa tunaninsu shi ne su ɗan kasa kaya a bakin titi, ko su buɗe ɗan shagon waya, ko na aski, kafin Allah Ya kawo babban abu. Dokar zuba jari ta 2013 ta lissafa sayar da kaya a kasuwa, da talla, da ƙananan tireda, da shagon aski da na gyaran gashi, da sayar da magunguna ɗai-ɗai, da harkar ruwan leda, a cikin abubuwan da baƙo ba zai yi ba. Ta kuma ce baƙon da ke son harkar saye da sayarwa sai ya kawo jarin dala miliyan ɗaya, ya ɗauki 'yan Gana 20 aiki. Da wannan doka ce ƙungiyar 'yan kasuwa ta GUTA ta kafa hujja lokacin da aka riƙa garƙame shagunan 'yan Nijeriya a Suame Magazine ta Kumasi da kewayen Circle a Ankara a 2019 da 2020. Waɗanda aka rufe wa shaguna a lokacin ba sababbin zuwa ba ne, akwai masu shekara goma da ashirin, masu mata da 'ya'ya a nan. Idan haka ta faru da su, ina ga wanda ya sauka jiya da jakar leda?

Za a ce mana wannan doka ta ci karo da alkawarin ECOWAS, wanda ya ce ɗan kowace ƙasa zai iya kafa sana'a a ƙasar ɗan'uwansa. Mun yarda akwai cin karo, kuma abin mamaki ne a ce garin da ke ɗauke da sakatariyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka tun 2020 shi ne ake rufe wa maƙwabci shago a cikinsa. Nijeriya ita ma ba ta da bakin magana sosai, don ita ce ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, kayan 'yan kasuwar Gana suka yi ta lalacewa a Seme. Wannan muhawara ce ta gwamnatoci da 'yan majalisa, kuma muna da ra'ayinmu a kanta. Sai dai yaron da ya sayar da babur ɗinsa a Funtuwa ya taho ba zai ci muhawara ba. Abin da ke gabansa shi ne dokar da ɗan sanda zai karanta masa, saboda haka kafin ya sayar da komai, wanda zai sauke shi ya je ya tambayi abin da doka ke cewa a ranar game da sana'ar da yake nufin yi.

Maganar haƙar zinariya kuwa, wato galamsey, ko kusa kada a bari ta shiga lissafi. Mun san akwai masu zuwa daga Zamfara da Neja da Kebbi da sanin aikin rami, ana kuma yi musu romon baka da labarin Obuasi da Tarkwa. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ce ƙaramin lasisin haƙa na ɗan ƙasa ne kaɗai, gyaran da aka yi mata a 2019 kuma ya sa wa baƙon da aka kama ɗaurin shekara 20 zuwa 25. A watan Afrilun 2025 ma an umarci baƙi su fita daga harkar sayen zinariya a kasuwar cikin gida baki ɗaya. Mai ramin da ya kira yaro ba ya kwana a ramin, idan sojoji suka zo lebura suke tararwa.

Amma abin da ya fi tayar mana da hankali, wanda kuma ya sa muka ga wajibi ne a yi wannan rubutu, shi ne aikin da babu shi. Yaro zai ga talla a Facebook ko a aiko masa saƙo ta WhatsApp, sau da yawa daga abokin makaranta ko ɗan unguwarsu da ya riga shi zuwa, cewa ga aiki a kamfanin waya ko tashar jirgin ruwa ta Tema ko wani otal, albashi da dala, ga ɗaki kyauta. Wani lokaci ma a ce Gana zango ce kawai, daga nan za a wuce da shi Kanada ko Turai. Sharaɗin ɗaya ne, ya turo kuɗin fom da na horo. Iyaye su sayar da gona ko sa, a tura. Yana sauka a tasha za a tarbe shi da fara'a, a kai shi wani gida mai katanga a bayan gari, a karɓi wayarsa da fasfonsa "don ajiya", sannan a gaya masa gaskiyar aikin: ko dai ya zauna gaban kwamfuta yana yaudarar mutane ta intanet, ko kuwa ya bugo wa 'yan'uwansa biyu ko uku waya ya jawo su kamar yadda aka jawo shi, don ta haka kaɗai zai fanshe kuɗinsa. A watan Afrilun 2025 hukumar EOCO ta kai samame Oyarifa a gefen Ankara ta fito da mutum fiye da 200 daga irin waɗannan gidaje, da yawansu 'yan Nijeriya. 'Yan mata kuma ana kawo su da sunan aikin shago ko gidan abinci a jefa su cikin abin da baki ba zai iya faɗa ba.

Abin da ya sa wannan tarko ke kama mutane shi ne muryar da ke kiran yaro murya ce da ya sani. Abokin nasa ba ƙarya yake yi don mugunta ba, shi ma a ɗaure yake, wani na tsaye a kansa lokacin da yake wayar. To a nan ne amfaninmu yake, kuma abu ne da ba ya cin ko sisi in ban da kuɗin tirotiro. Duk wanda aka gaya masa cewa ɗan'uwa ya sami aiki a Kasoa ko Ashaiman ko Sunyani, ya nemi sunan kamfanin da adireshinsa, ya tashi ya je da ƙafarsa ya ga ko akwai ofis, ko akwai allo, ko maƙwabta sun san su. Ya nemi ganin wanda ya yi kiran ido da ido, shi kaɗai, a waje. Kamfanin gaskiya ba ya jin haushin a zo a gan shi, kuma ba ya karɓar kuɗi a hannun wanda zai ɗauka aiki. Idan aka fara cewa manaja ya yi tafiya, ko ba a shiga sai da kati, ko a jira sai yaron ya iso tukuna, to a bugo gida a ce kada a tura ko kwabo. Idan kuwa an riga an makara, yaro ya shiga hannu, a tuna cewa Gana tana da dokar hana fataucin mutane tun 2005, 'yan sanda suna da sashe na musamman a kanta, Nijeriya kuma tana da hukumar NAPTIP da ofishin jakadancinta a Ankara. Rufa-rufa don gudun abin kunya mai gidan katangar kaɗai take taimaka wa.

Idan aikin na gaske ne, sai a zo kan takarda. Dokar ƙwadago ta 2003 ta ce duk aikin da zai kai wata shida ko fiye sai an rubuta yarjejeniyarsa. A nemi a aiko da ita tun yaro yana gida, a ba wanda ya iya karatu ya duba: nawa ne albashin kuma da wane kuɗi, sidi ko dala, wa zai biya izinin aiki, wa zai biya ɗaki, awa nawa ake yi, idan aka sallame shi wa zai biya kuɗin komawa. A kuma duba ko za a yi masa rajistar SSNIT, inda ake cire kashi 5.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, mai aiki ya ƙara kashi 13. Mutanenmu suna jin nauyin tambayar irin waɗannan abubuwa, musamman idan mai ba da aikin Alhaji ne da aka sani, sai a ce ai tsakaninmu babu haka. Mu kuwa abin da muka gani a zaman sulhu a ƙofar sarakunan zango shi ne rigimar da ta fi wuyar kashewa ita ce ta mutanen da suka ce tsakaninsu babu takarda.

Sai lissafin kuɗi, inda mafarki ya fi yawa. Yaro zai ji albashi da sidi, ya buga a waya ya ga abin da ya zama da naira, ransa ya yi fari. Bai san cewa da sidi zai ci abinci, da sidi zai hau mota, da sidi zai sayi ruwa ba. Mafi ƙarancin ladan yini da aka yanke wa shekarar 2025 sidi 19 ne da 'yan kai, bai cika 20 ba, kuma duk mazaunin Ankara ya san abin da wannan zai saya a wurin mai wake da shinkafa. Babban dutsen kuma shi ne ɗaki. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar kuɗin fiye da wata shida a gaba, amma kowa ya san masu gida shekara ɗaya ko biyu suke nema a dunƙule, ga kuma ladan ejan. Wannan ne ke sa baƙon da aka ce zai yi mako biyu a zaure ya shekara a ciki, har zumunci ya fara tsami, matar gida ta fara magana ciki-ciki. Gara a faɗa masa tun farko: ga iya kwanakin da za mu iya riƙe ka, ga abin da ɗaki yake ci a unguwarmu.

A ɗan gaya masa ƙananan abubuwa ma, don su ne ke sa a gane baƙo a kasuwa. Tun a Yulin 2007 aka canza kuɗi aka cire sifili huɗu, amma har gobe akwai tsofaffin da za su ce masa abu "miliyan ɗaya" ne alhali sidi 100 suke nufi. Agogon Gana yana bayan na Nijeriya da awa ɗaya. A Binin da Togo sefa ake kashewa, don haka ya canza kaɗan tun daga Seme, kada ya fito da damin kuɗi a gaban 'yan canjin bakin iyaka. Hausar da zai ji a Nima ba irin ta Kano ba ce, kada ya yi dariya, kada kuma ya ɗauka duk mai jin Hausa Bahaushe ne, domin a zango akwai Dagomba da Mosi da Kotokoli da Zabarmawa da Wangara da Fulani, kowa da sarkinsa. Kuma komai kusancinsa da mutum, kada ya karɓi ƙunshin saƙon da bai buɗe ya gani da idonsa ba. A iyaka, kayan da ke hannunka naka ne.

Akwai wani taimako da wasu ke yi wanda ya kamata a kira shi da sunansa, wato tsaya wa baƙo ya karɓi katin Gana na ɗan ƙasa. Dalilin a fili yake: ba a rajistar layin waya ko buɗe asusun banki sai da kati, na baƙi kuma da dala ake yanka kuɗinsa, ana sabunta shi duk shekara. Sai wani ya ga ai sauƙi ne ya rantse cewa yaron ɗan ƙanensa ne da aka haifa a Tamale. Wannan laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa, mai karɓa da mai rantsuwar duka. Ban da haka, cuta ce ga zango gaba ɗaya. Shekara nawa muka yi muna fama da jami'an da ke ganin sunan Musa ko Fati su ce a kawo takardar haihuwar kaka? Jikokin mutanen da aka haifa a nan tun kafin 1957 suna shan tambayar da ba a yi wa wasu. Kowane katin ƙarya guda ɗaya da aka kama hujja ce a hannun mai son ya ce duk 'yan zango baƙi ne. Baƙo ya karɓi katin baƙi, wanda doka ta ce duk wanda zai zauna kwana 90 ya mallaka, ya shiga inshorar lafiya da shi, ya yi layin wayarsa da sunansa.

Kada wani ya ce muna tsoratarwa ne. Dattawanmu da suka ga watan Nuwamban 1969 suna nan da ransu. Ranar 18 ga watan gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fita, mutanen da ba su san wata ƙasa ba sai wannan suka sayar da gidaje a kan kuɗin da bai kai na ƙofa ba, aka cika manyan motoci zuwa Aflawo. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta rama, 'yan Gana kusan miliyan ɗaya suka dawo da jakar da har yau take ɗauke da sunan abin. A duka biyun, wanda ya fara shan wuya shi ne marar takarda. Kuma iskar ba ta mutu ba: a Mayun 2025 hukumar shige da fice ta kwashe mabarata baƙi fiye da 2,000 daga titunan Ankara, a Yulin shekarar kuma aka yi zanga-zangar neman 'yan Nijeriya su tafi, har sai da Abuja ta turo ƙaramar ministar harkokin waje, Bianca Ojukwu, Shugaba Mahama ya ba da tabbacin cewa ba za a kori kowa ba. Mun ji daɗin wannan tabbaci, amma wanda ya taɓa ganin gobara ba ya ajiye fetur a ɗaki don an ce masa akwai 'yan kwana-kwana.

Masu cewa ai kakanninmu ba da fasfo suka zo ba, kuma arziki na Allah ne, ba mu musa musu ba. Sai dai kakannin nan ba su taso da ka ba. Madugu yakan san rijiyoyin hanya, da inda ake biyan fito, da sarkin da za a kai wa gaisuwa, ayari kuma ba ya tashi sai an yi watanni ana shiri. Fasfo da izinin aiki su ne fiton wannan zamani. Ba kuma cewa muke kada kowa ya zo ba. Akwai telolin Kano da masu ɗinkin hula da magina da masu gyaran waya da malaman makaranta da suka zo ta hanyar da ta dace, suka sami rufin asiri, suka kuma ƙara wa zango daraja. Irinsu muke so su yawaita.

Muna kira ga sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin matasa su mayar da wannan aiki na hukuma maimakon na mutum ɗaya. Ba abu ne mai wuya ba a ce kowace fada tana da littafin da ake rubuta baƙon da ya sauka, da wanda ya sauke shi, da aikin da ya kawo shi, da lambar wani nasa a gida. Ba shi da wuya a sami matasa biyu ko uku masu ilimi a kowace unguwa da za a riƙa turawa su duba kamfani kafin a ce wa yaro ya taso, ko su raka shi ofishin shige da fice kafin kwana 90 su cika. Ƙungiyoyinmu suna tara kuɗin biki da na jana'iza duk wata, ware wani abu kaɗan don wannan ba zai gagara ba.

Ga iyayen da ke can gida kuma, idan wannan shafi ya isa gare su ta hannun wani, roƙonmu shi ne kada a sallami yaro da kuɗin zuwa kaɗai. A haɗa masa da na komawa, a ba amintaccen mutum a nan ya riƙe, da sharaɗin ba za a taɓa shi don ci ko haya ba. Da yawa daga cikin waɗanda muke gani suna kwana a tashar Tudu da Agbogbloshie sun daɗe da gane cewa tafiyar ba ta yi ba, abin da ya tsare su shi ne kuɗin motar Legas da kuma kunyar shiga gida hannu rabbana. A gaya wa yaro tun kafin ya hau mota cewa idan wata uku suka cika babu aiki babu takarda, ya karɓi kuɗinsa ya komo, ɗakinsa yana nan.